Gudan jini a ƙafar mai jego: nazarin lamarin wata mata daga ƙasar Jega

Asalin lamarin

Matar shekararta 29, tana aure a wani ƙauye tsakanin Jega da Aliero a Jihar Kebbi. Mijinta manomin albasa ne, yakan kuma sari ta maƙwabta ya kai kasuwa. Wannan ce haihuwarta ta huɗu, ukun baya duk a ɗaki ta yi su a hannun ungozoma. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin mata na asibitin da aka kwantar da ita a Birnin Kebbi, na kuma bi lamarin tun ranar da aka shigo da ita har zuwanta na ƙarshe. Ita da maigidanta sun yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba zan faɗi suna ba.

Ranar 3 ga Disamba naƙuda ta yi tsawo, yaro ya zo a gicciye, aka yi mata aiki a wani ƙaramin asibiti aka ciro shi lafiya. Ranar 7 ga wata aka sallame ta. A gida ta kwanta, don ɗinki yana ja idan ta miƙe. Lokacin hunturu ne, ƙishi ba ya damun mutum, ita kuma da gangan ta rage shan ruwa saboda tsugunawa a bayan gida azaba ce gare ta. Uwar mijinta ta tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa, amma saboda ɗinkin sai aka riƙa gasa mata baya da ƙafafu kawai. Ranar suna ma a zaune ta wuni a bakin gado tana karɓar barka.

Jinin mace idan tana da ciki ko tana jego ya fi na sauran lokuta saurin daskarewa. Rahama ce, don kada ta ƙare da zubar jini bayan mabiyiya ta fita: sinadaran da ke ɗaure jini suna ƙaruwa, masu kwance shi kuma ana taka musu birki, har mabiyiya da kanta tana fitar da wani sinadari mai wannan aikin. Halin yakan ɗauki kusan mako shida bayan haihuwa kafin ya lafa. Abubuwa uku da ake danganta wa likitan Jamus Rudolf Virchow tun ƙarni na 19 su ne tushen gudan jini a jijiya: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, jinin kansa ya ƙara saurin kamewa. Duk ukun sun haɗu a kan wannan baiwar Allah.

13 zuwa 18 ga Disamba: abin da aka yi a gida

Ranar 13 ga wata ta fara jin sha-raɓarta ta hagu tana ɗaurewa kamar wadda ta yi doguwar tafiya. Washegari ƙafar ta kumbura. Uwar miji ta ce sanyi ne ya shige ta, tunda ba a yi wankan yadda ya kamata ba. Aka tafasa ganyen darbejiya aka yi ta gashi safe da yamma, ana bi da matsa da man zafi.

Ranar 15 mai kemis ya yi mata allurar kashe zafi, ya ba da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta na kwana biyar. Zafin ya sauka na 'yan awoyi, kumburi bai motsa ba.

Ranar 16 aka ɗauko mai ɗori daga Aliero, garin da ya yi suna a wannan sana'a. Dattijon ya shafa ƙwauri, ya juya idon sawu, ya tambaya ko ta faɗi, aka ce a'a. Ya ce wa mijin, "Ɗana, babu karaya, babu targaɗe. Wannan ba aikina ba ne, ku kai ta asibiti, kuma a bar matsa ta." Bai karɓi ko sisi ba. Ba a bi shawararsa a ranar ba. Ranar 17 wanzami ya kafa ƙaho huɗu a bayan ƙafar, baƙin jini ya fito, kowa ya ce ga mataccen jinin nan. Jinin ƙaho daga ƙananan jijiyoyin fata yake fitowa, gudan da ke damunta kuwa yana can ciki tsakanin tsoka. Ranar 18 kumburi ya haura gwiwa.

19 zuwa 23 ga Disamba: kwanciya ta farko

Da hantsin ranar 19 aka shigo da ita, ƙanin mijin da mijin suna tallabe da ita. Nauyinta kilo 61. Na auna kaurin sha-raɓa daga santimita 10 ƙasa da ƙashin gwiwa: ta hagu santimita 40, ta dama 35. Ƙafar da ɗumi, idan aka danna yatsa sai ya bar rami. Bugun zuciya 96 a minti, iskar jini kashi 97 cikin ɗari, numfashi lafiya. Likita bai jira hoto ba, ya ce a fara allurar inoksafarin miligiram 60 a ƙarƙashin fatar ciki, safe da dare, wato miligiram ɗaya ga kowane kilo, tare da ƙwayar wafarin miligiram 5 da daddare, dukansu magungunan hana jini daskarewa. Duka biyun mai shayarwa tana iya amfani da su. Ranar 20 aka yi sikanin ƙafa: jijiyar bayan gwiwa da babbar jijiyar cinya sun ƙi lotsawa da aka danna su da kan na'ura, alamar a cike suke da gudan jini.

Inoksafarin ɗiyar hefarin ce. Hefarin kuwa doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari, a jere kamar carbi, kuma kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da salfet, sinadarin da asalinsa farar wuta ce. Salfet ɗin nan yana ba sarƙar caji irin na lantarki mai ƙarfin gaske, shi ya sa take manne wa furotin na jini kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Wani ɗalibin likitanci mai suna Jay McLean ne ya fara cin karo da ita a 1916 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, a ɗakin binciken William Howell, kuma sunan ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin hanta. Sai wajen tsakiyar shekarun 1930 aka tace ta a Toronto da Stockholm har ta kai a yi wa mutane. Inoksafarin ita ce wannan sarƙar bayan an daddatse ta zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawonta, don ta fi daɗewa a jiki, a kuma iya auna ta da nauyin mutum kawai.

Aikinta shi ne ta kama wani mai gadi da ke cikin jini, antitirombin, ta ƙara masa sauri kusan sau dubu. Shi kuma sai ya riƙa kashe sinadaran da ke saƙa gudan jini, musamman wanda ake kira na goma da kuma tirombin. Tirombin shi ne masaƙin da ke mayar da wani furotin na jini, fibirinojin, ya zama zaren fibirin, ragar da ke tare ƙwayoyin jini kamar yadda homa ke tare kifi a Argungu.

A ranar farko mijin ya tambaye ni, "Malama, wannan ita ce allurar da za ta narkar da jinin?" Na ce masa eh, don in taƙaita magana, ɗakin kuma a cike yake. Wannan amsar tawa za ta sake fitowa a gaba.

Akwai allurai masu fasa gudan jini kai tsaye, irin su sitireftokainis da altefilas. Likita ya kawar da su tun farko: kwana 16 kacal da yanka cikinta, maganin da zai narke gudan ƙafa zai narke wanda ya toshe bakin raunin mahaifa ma.

Ranar 23 na sake aunawa, santimita 39 da rabi. Gwajin INR, wanda ke nuna ko wafarin ta kama aiki, ya nuna 1.4, alhali ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Mijin ya tsaya a kaina da tef ɗin a hannuna. Ya ce kwana huɗu, allura takwas, ya sayar da albasar da yake ajiyewa, ƙafa tana nan jiya i yau. Ƙaninsa kuma ya duba sunan allurar a waya, ya ga daga hanjin alade ake samo ta. Gaskiya ya gani. Mafi yawan hefarin da ke duniya daga majinar hanjin alade ake tace ta, inoksafarin ma haka. Uwar miji ta ɗaure kayanta tun kafin a gama magana. Da la'asar suka sa hannu a takarda suka tafi da ita, da ƙwayar wafarin kaɗai a jaka.

24 zuwa 27 ga Disamba: wafarin ita kaɗai

Wafarin ba ta taɓa sinadaran da suka riga suka shiga jini. Hanta take hanawa ta ƙera sababbi masu aiki, ta hanyar tare bitamin K, wanda hanta ke bukata wajen ƙera su, sai an jira tsofaffin su ƙare, abin da ke ɗaukar kwana biyar ko fiye. A kwanakin farko ma ta fi saurin rage wani furotin mai kare jiki daga daskarewa, wanda ake kira furotin C. Dalilin ke nan da ya sa ake haɗa ta da allura aƙalla kwana biyar, kuma ba a janye allurar sai INR ya kai 2 ya zauna.

A gida an koma gashi. Daren 26 ta ji suka a haƙarƙarin dama duk lokacin da ta ja numfashi. Da asubar 27 ta kasa kaiwa bakin ƙofa ba ta tsaya ta huta ba.

27 ga Disamba zuwa 4 ga Janairu: kwanciya ta biyu

Sha-raɓa santimita 43, cinya ta kumbura har matsematsi. Bugun zuciya 118, iskar jini kashi 92, ƙarfin gudun jini (BP) bai faɗi ba. Sikanin ya nuna gudan ya haura zuwa jijiyar ƙugu. Ba a yi hoton huhu na musamman ba saboda kuɗi, amma likita ya ɗauki lamarin a matsayin ɓallin gudan jini ya tafi huhu, tunda maganin iri ɗaya ne muddin BP bai faɗi ba. Aka sa mata iska ta hanci.

Saura maganar alade. Mun nemi fondafarinus, wata allura mai irin wannan aikin wadda a masana'anta ake haɗa ta, ƙwayoyin sukari biyar kacal da aka kwaikwayo daga daidai gurbin da hefarin ke kama antitirombin, babu dabba a cikinta. Ba mu same ta a shagunan da muka aika ba. Ƙwayar ribaroksaban, ita ma mai hana jini daskarewa, tana nan, amma ba a son ba mai shayarwa. Mijin ya fita ya kira malaminsa na zaure. Malamin ya zo da kansa kafin azahar, ya tambayi likita abu biyu: akwai wani maganin a hannu yanzu, kuma me zai faru idan ba a yi ba? Da ya ji amsa, sai ya karanta wa mijin aya ta 173 ta Suratul Baƙara, wadda ta haramta naman alade, ta kuma ɗauke laifi daga wanda larura ta matsa wa. Ya ce, "Malam, ka bari a yi mata." Ƙarfe ɗaya da rabi na yi allurar.

A wannan karon na zaunar da mijin da uwarsa a benci na gyara amsata ta farko. Na ce musu allurar ba ta narkar da komai, hannun magini take riƙewa. Mai rushe ginin yana cikin jikin matar tun fil azal. Hanta tana zuba wani furotin a jini, filasminojin, yana yawo a kwance ba ya aiki. Bangon jijiya kuma yana fitar da wani mai tashe shi, tPA. Idan su biyun suka haɗu a kan zaren fibirin, filasminojin sai ya zama filasmin, ya shiga tsinka ragar zare-zare. Aikinsa irin na gara ne a jikin zana: ba ka ganin motsi, sai wata rana ka taɓa ka ji ta zube. Makonni yake ɗauka, wani lokaci watanni. Muddin magini yana ɗora sabon tubali da sauri fiye da cin gara, gini sai dai ya ƙaru, kuma sabon ɗorin da bai kama bango ba shi ne ke ɓallewa ya tafi huhu. Uwar mijin ta ce, "To 'yar nan, ai da haka kika faɗa tun farko."

Akwai wani abin da ban faɗa musu a benci ba, amma yana cikin bayanin. Tirombin ba saƙa kawai yake yi ba, yana kuma kare abin da ya saƙa. Shi ke tada sinadari na goma sha uku, mai ƙulla zaren fibirin da juna har ya liƙa musu wani furotin mai kashe filasmin. Shi ke tada wani kuma da ake kira TAFI, wanda ke bi yana guntule 'yan ƙugiyoyin da filasminojin da tPA ke ratayuwa a jikin fibirin. Saboda haka idan hefarin ta rage tirombin, ragar da ke wurin takan zama mai sauƙin ci. Ta wannan hanyar ce, a kaikaice, allurar ke taimaka wa narkewa.

An duba ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni ranar 27 da ranar 31, saboda hefarin takan sa su faɗi a wasu mutane tsakanin kwana 5 zuwa 10, ko ma kafin haka ga wanda aka taɓa yi wa ita kwanan nan. Ba su faɗi ba. An hana allurar kashe zafi irin ta kemis, aka bar ta da farasitamol. Ranar 29 aka cire iska, muka fara zagaya ɗaki da ita, idan ta kwanta a ɗora ƙafar a kan filo biyu. INR ya kai 2.3 ranar 2 ga Janairu, 2.5 ranar 3, aka tsayar da allura. Ranar 4 ta tafi gida, sha-raɓa santimita 40. Daidai da ranar da aka fara kawo ta ke nan, amma wannan karon babu wanda ya ce magani bai yi ba.

Janairu zuwa Maris: ganye da kafso

Ranar 20 ga Janairu ƙafa ta sauka zuwa 38, amma INR ya faɗo 1.6. Ba ta tsallake ƙwaya ba, ta kawo kwalin muka ƙirga. Da muka bi abincinta sai ga dalili: ruwan nono ya ragu lokacin jinya, aka sa ta cin kwaɗon zogale kwano guda kullum, ga miyar alayyahu. Ɗanyen ganye yana da bitamin K da yawa. Likita bai hana ta ba, mai shayarwa ce kuma jininta bai gama cikowa ba. Ya ce ta riƙa cin gwargwado ɗaya kullum, ya ƙara wafarin kaɗan. Bayan mako guda INR 2.2.

A Fabrairu ƙanin mijin ya nuna mini talla a Facebook: kafson ciyawar teku, wai yana narkar da gudan jini ba allura ba alade. Abin da ke ciki fukoidan ne, kuma dangin hefarin ne ta fuskar gini, sarƙar sukari mai salfet daga ruwan-ƙasar ciyawar teku, wadda Harald Kylin ya fara warewa a Suwidin a 1913. Masu tallar ba daga iska suka ɗauko maganar ba. A cikin kwalbar gwaji, fukoidan da hefarin da wasu 'yan uwansu suna iya kama tPA da filasminojin su kusanto da su, filasmin ya samu da sauri, kuma ƙarfin abin yana bin tsawon sarƙar da yawan salfet ɗinta. Sai dai a jikin mutum fibirin da kansa ne ke wannan haɗin, a daidai inda ake bukata. Irin wannan doguwar sarƙa mai caji kuma da ƙyar take ratsa hanji ta shiga jini, shi ya sa hefarin take allura tun farko. Fukoidan ba ya cikin magungunan da likitoci ke bayarwa don gudan jini, haɗa shi da wafarin kuma zai iya ƙara haɗarin zubar jini. Yawan salfet ma ba alheri ba ne kullum: a 2008 an gurɓata hefarin da wata sarƙa da aka cusa wa salfet fiye da kima, mutane suka mutu a Amurka. Ƙanin mijin ya ji, bai saya ba.

Ƙarshen Fabrairu santimita 36 da rabi. Ranar 30 ga Maris 36, ta dama tana nan 35. Sikanin ranar ya nuna jijiyar bayan gwiwa da ta ƙugu sun buɗe, ta cinya ta buɗe rabi, bangonta ya yi kauri. Mafi ƙarancin wa'adin magani wata uku ne, likita ya zaɓi shida saboda inda gudan ya kai da kuma abin da ya taɓa huhu.

Sakamako da abin da na gani

An tsayar da wafarin ƙarshen Yuni. Numfashinta lafiya, tana daka, tana zuwa rijiya. Idan ta wuni a tsaye ƙafar takan yi nauyi ta ɗan tasa da yamma, ta sauka kafin safiya. Ƙananan ƙofofin da ke cikin jijiya masu hana jini komawa ƙasa sun lalace a inda gudan ya daɗe, kuma ba sa sake tsirowa.

A ganina gashi da ƙaho da allurar kemis sun gaza ne don babu wanda ya kai inda cutar take, kwana shida da suka ci kuma su ne gudan ya yi amfani da su ya haura gwiwa. Mai ɗori ne kaɗai ya faɗi daidai a wannan makon. Kwanciya ta farko kuwa magani bai gaza ba. Ƙafar da ta tsaya a 39 da rabi bayan kwana huɗu, ba ta ƙaru ba, numfashi lafiya, shaidar nasara ce. Mu ne muka bar iyalin suna auna allurar da ma'aunin da ba nata ba, kuma "eh" ɗin da na ce a ranar farko tana cikin abin da ya jawo haka. Maganar alade ma da daga bakinmu suka fara jin ta, tare da bayanin ko akwai madadi, da an kira malam ranar 19, ba ranar 27 ba. Har yanzu abin yana ci mini rai, don kwanaki huɗun nan da ta yi a gida su ne suka kai gudan ƙugu da huhu, ina kuma zargin su ne suka bar mata kumburin yamma.

Abin da ya yi aiki shi ne allura kwana takwas a jere ba tsallake, wafarin da aka bi da gwaji, tafiya a ƙafa, da watannin da filasmin ɗinta ya samu yana ci babu mai ɗora sabon gini.

A zuwanta na ƙarshe likita ya rubuta mata takarda ta ajiye tare da katin awo. Kada ta sha ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, an sa mata ashanar hannu tun tana kan wafarin, domin wafarin tana illata ɗan tayi. Duk ranar da ta samu wani cikin ta zo a watan farko, za a duba batun allurar rigakafi a lokacin cikin, kuma lalle za ta yi ta mako shida bayan haihuwa. Mijin ya tambayi kuɗin allurar mako shida, na lissafa masa, ya rubuta a bayan takardar ya ninke ta ya sa a aljihu.